Rezon Sadaka a Zauren Alhaji Mahaman

Ku samarin da kuke taruwa a ƙofar shagona lokacin hutun makaranta, ina jin abin da kuke faɗa idan kun ga na ba ku baya. Wai aikin Baba Illa ba aiki ba ne: a jona akwatin wifi a wuta, a rubuta wa mai gida kodi, wato lambar sirrin shiga, a bayan kwalin shayi, a hau babur a koma. Ban ji haushi ba, dariya ma kuke ba ni. Jona akwati kam, ko akuyar gidanmu aka nuna wa za ta iya. Aikin yana farawa ne ranar da aka kira ka gida, ka tarar da fitilun akwati duk suna ci, babu abin da ya ƙone, amma kayan da ake turawa ta cikinsa sun ƙi tafiya, mai gida kuma ya zuba maka ido.

Ni ba da wifi na fara ba. Da hawan rufin mutane na fara, a hannun Maigida Sani, mutumin Damagaram da yake gyaran rediyo da telebijin a bayan tasha. Lokacin da parabol, kaskon nan na kama tashoshin telebijin, ta shigo Tawa yana cikin waɗanda suka fara ɗaura ta, ni kuma ina riƙe masa tsani. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin hannu, kuma ba a aiki kaɗai hannun yake da sauri ba, ƙeyata shaida ce. Idan muka shiga gida ba ya bari in buɗe jaka. Sai ya ce, "Illa, kewaya gidan tukuna." In duba kaurin katanga, in ga inda itace ya tsaya, in lura da wanda ake jin maganarsa a gidan, ko mai gida ne ko tsohuwarsa. Da shi na yi parabol. Bayan rasuwarsa na yi shekaru ina jan kabul a shagunan intanet na gari, sannan wifi ta shigo gidaje ta same ni furfura ta fara fitowa.

Jakata kun san ta, babu abin burgewa a ciki. Akwai pinsin matse kan kabul, wanda ya girmi wasunku, da testa, ɗan abin nan da yake gaya mini ko zaren cikin kabul sun zauna daidai. Sai turnabis, wato sukudireba, sai naɗin kabul da nake ɗaurewa a bayan babur. Kuna raina kabul saboda kun taso kun ga komai yana tafiya ta iska. Ni kuwa duk inda na samu hanyar jan kabul sai na ja, domin ba ruwansa da katangar laka, ba ruwansa da rufin kwano, kuma maƙwabci ba ya shiga cikinsa.

Wani malamin makaranta a Kalfu ya taɓa kirana yana ta zagin kamfanin waya, wai darussan da yake turawa daga ordinatarsa, wato kwamfuta, zuwa ta matarsa suna kwana a hanya. Na ce masa kamfani ba shi da laifi a nan. Kayan da kake kwashewa daga ɗaki zuwa ɗaki ba sa zuwa Yamai su dawo. Daga ordinata suke tashi su shiga akwati, akwati ya miƙa wa ɗayar, duk a cikin gidanka. Na tambaye shi inda akwatin yake. Sai ya zaro makulli daga aljihu, ya buɗe wata tsohuwar adakar ƙarfe, ga akwatin wifi kwance a kan rigunan salla, an huda rami an zuro masa waya. Saboda yara, in ji shi. Na buga ƙusa sama da ƙofa inda hannun yara ba ya kaiwa, na rataye shi, na sha fura na dawo.

Irin wannan mai sauƙi ne. Wanda nake so ku ji ya faru ne a shekarar da aka rufe iyaka, wutar lantarki ta zama sai an gan ta. Kayan aikinmu ta Ƙonni suke shigowa daga Kano da Sakkwato, shekarar nan kuwa ko kan kabul sai ka yi yawon kasuwa kafin ka samu. Masu gyara da dama sun rufe shago sun tafi cin rani. Ni ban rufe ba, amma kaya sun ƙare mini. Akwatin da nake ajiyewa don gwaji na ɗaura shi a gidan wani da nasa ya ƙone. Ɗan abin da nake jona kabul da shi a sababbin ordinatoci marasa ramin kabul, shi ma wuta ta dawo da ƙarfi wata rana ta cinye shi. Abin da ya rage mini shi ne pinsi da testa da naɗin kabul.

Cikin bazarar shekarar, da hantsi, Rakiya ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagona. Ƴar marigayi Alhaji Mahaman mai albasa ce, ma'aikaciyar jinya, mace mai natsuwa da ban taɓa ganin ta cikin gaggawa ba sai ranar. Mahaifinta bai cika shekara da rasuwa ba. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Baba Illa, don Allah tashi mu tahi gida. Ordinatar Baba za ta mutu, kuma duk bidiyonai suna ciki."

A gidan ta yi mini bayani. Alhaji mutum ne mai son ɗaukar bidiyo: aure, suna, gonar albasa, jikoki suna wasa a tsakar gida. Idan wayarsa ta cika sai ya juye a tsohuwar ordinatarsa ya share na wayar, don haka babu su a ko'ina sai nan. Rakiya ta kawo sabuwar ordinata don a kwashe. Ta gwada da kile, ɗan abin juye kaya da ake sokawa a jikin ordinata, ta tarar ramukan kile na tsohuwar duk sun ƙone tun tuni. Sai ta haɗa su ta wifin gida, kuma daidai ta haɗa, ban samu abin gyarawa ba. Amma tun shekaranjiya kaya suna rarrafe, su yi ɗan nisa su yanke, ta sake daga farko. Da safen nan tsohuwar ordinatar ta ƙi tashi sai da aka yi ta lallashinta.

Na durƙusa na kara kunnena a jikinta. Ƙas, ƙas, ƙas. Na san wannan kukan. Diskin da yake yin sa, muddin yana juyawa akwai fata, amma idan ya tsaya ba lalle ya sake tashi ba. Ke nan ba zan kashe ta in ciro diskin ba, ko girgiza ta ba na so a yi. Batirinta ya daɗe da mutuwa, wutar gari kuma ba a gan ta ba tun jiya. Da hasken rana take ci, ta fanon sola da Alhaji ya ɗora a rufi, kuma Rakiya ta ce batiran fanon sun gaji, da rana ta sunkuya wajen magariba komai na gidan yake ɗaukewa. Na dubi allon sabuwar ordinata, yana cewa saura fiye da yini guda. Mu kuwa abin da muke da shi daga hantsi ne zuwa faɗuwar rana.

Sai na kewaya gidan. Akwatin ba a falo yake ba, ba a ɗakin Alhaji ba. A zaure na same shi, an rataye shi can sama kusa da ƙofar titi, da ɗan batirinsa na kansa don kada ya mutu ko da dare. A ƙasa, daga waje, ga randar ruwan da Alhaji yake ajiye wa masu wucewa, har yanzu ana cika ta. Na leƙa titi. Jikin katanga, ƙarƙashin inuwa, ga fada ta matasan unguwa, ana dafa shayi, kowa kansa a sunkuye cikin waya. Tsallaken titi ga teloli, su ma haka. Na tambayi Wahabu, ɗan kabu-kabun da yake shugaban fadar, ko da wane rezo suke, wato wifin wa suke ja.

Ya dube ni kamar na tambayi sunan garin. "Na Alhaji mana. Unguwa duka ta san kodin ga. Shi da kainai yab ba mu, yac ce sadaka ta."

A nan ne ku kuke kuskure, ku saurara. Akwati irin wancan, tsoho mai hanya ɗaya, ba ya magana da kowa a lokaci guda. Ɗaya bayan ɗaya yake sallama, cikin saurin da ido ba ya gani. Wayar da take nesa, bayan katangu biyu na laka, da ƙyar take jin sa, sai ya rage sauri ya yi ta maimaita mata, kamar mai kanti da kurma a gaban layi. Duk wanda yake baya sai ya jira, ko da a gindin akwatin yake zaune. Bidiyon Alhaji kuwa sau biyu suke shiga layin nan, wajen shiga akwati da wajen fita, suna gogayya da unguwa guda.

Abin da hannu zai iya na fara yi. Na ja kabul daga zaure, ta jikin katanga, har ɗakin da tsohuwar ordinata take, na matse kai, na gwada da testa, na jona ba tare da na motsa ta ba. Rabin tafiyar ya fita daga iska ke nan. Sabuwar ba ta da ramin kabul, don haka na ɗauko ta na ajiye a tabarma daidai ƙarƙashin akwatin. Na sa aka kashe firiji da fanka don batiran su ƙara nisa. Sauri ya ƙaru, ba laifi. Amma allo ya ce sai bayan isha, diskin kuma yana ta kukansa.

Na nemi ganin Hajiya Zali, matar marigayin. Na same ta a rumfar tsakar gida da tasbi a hannu. Bayan mun gaisa na yi mata ta'aziyya, na ce, "Hajiya, magani na hannunmu. A canza kodin ga daga yanzu zuwa magariba, in mun gama a maida shi yadda yake."

Ta girgiza kai tun ban rufe baki ba. "Malam Illa, ka taɓa ganin an ɗauke randar ƙohwar gida don masu sha sun yi yawa? Ranad da yar rataya abin ga yac ce mani, Zali, ko bayan raina kar a taɓa kodin ga. Ladar tana iske shi inda yake. Ba ni yanke mai ita da hannuna."

Na ce, "Na wuni ɗaya kaɗai, Hajiya."

"Ba ni iyawa."

Rakiya ta durƙusa kusa da ita. "Inna, muryar Baba hwa. In diskin ga ya tsaya, shi ke nan."

"Na sani, ɗiyata," in ji Hajiya. "Mi kike gani ya hana ni barci tun shekaranjiya? In Allah ya nuhi in sake jin ta, ina ji."

Na ce to ta aika a roƙi maƙwabta su ɗan dakata. Ta ce, "In aika in ce su maido kyautar da anka ba su? Da wane bakin?" Tana maganar ne idonta yana kan ƙofar ɗakin da ordinatar take.

Na san abin da wasunku za su yi. Da yatsa ɗaya zan iya korar unguwar duka daga akwatin nan, Hajiya ba za ta sani ba. Amma fada za ta sani cikin ƙiftawar ido, kuma kafin la'asar magana ta zaga cewa Alhaji bai shekara a ƙasa ba matarsa ta rufe rezo. Ni zan hau babur in tafi, ita za ta zauna da maganar. Ban da haka ma, gidanta ne, ta ce a'a, kuma ni ba a kira ni don in yi mata wayo ba. Sai na ce, "Hajiya, in ni nih hita na yi magana da bakina, ba da naki ba?"

Ta daɗe tana jan tasbi. Sannan ta ce, "Bakinka naka na, Malam Illa."

Bayan sallar azahar na je na zauna a tabarmar fada. Aka miƙo mini shayi na karɓa. Wahabu ya yi dariya ya ce, "Baba Illa, halan kai anka aiko ka kore mu?"

Na ce, "Ba wanda ya aiko ni, kuma ba mai korar ku. Hajiya ta hana a taɓa kodi. Amma ku ji abin da ke cikin gidan ga." Na gaya musu komai dalla-dalla: diskin da yake mutuwa, batiran da za su ɗauke da magariba, da cewa muryar Alhaji da fuskarsa babu su a ko'ina sai cikin wannan ordinata. Na ce matar ta zaɓi ta rasa su da ta hana su sadakar mijinta. Na ce ban zo da umarni ba, labari na kawo.

 Wahabu ne ya fara ɗaga wayarsa ya kashe, ya nuna mini allon. Na ce ba rufe bidiyo kaɗai ba, a kashe wifin baki ɗaya, domin waya ko a aljihu take tana jan abinta. Ya miƙe ya tsallaka wajen teloli. Gidajen mata kuwa ba mu shiga, sai muka tare Gwaggo Kulu mai fura, wadda babu ƙofar da take rufe mata a unguwar. Ta ajiye ƙwaryarta a wajenmu ta ce, "Alhajin da yas saya mani akuya da tawa tam mutu? Ku bar ni da su." Muna jiyo muryarta daga gida zuwa gida.

Mutum ɗaya ne abin ya yi wa nauyi. Tsoho Hamidin, wanda yake zama a dakalin ƙarshen katanga da wayarsa a cinya. Ɗansa yana Libiya, ba ya samun kira sai jefi-jefi, kuma ya aiko cewa yau da rana zai kira ta bidiyo. Tsohon ba shi da wani rezo sai na Alhaji. Na ce wa Wahabu a ƙyale shi, waya ɗaya ba za ta kashe mu ba, ko da yake a raina na san ita ce mafi nisa, ita ce ta fi cin lokaci. Tsohon ya ji mu. Ya juya wayar a hannunsa ya sake juyawa, sannan ya miƙa wa Wahabu. "Kashe ta. Ɗana shina raye, shi sake kira."

Na koma zaure na zauna gaban allo. Ina kallo sauri yana hawa, lokacin da ya rage yana zubewa, daga bayan isha ya dawo isha, ya dawo magariba, ya tsaya kaɗan kafin ta. Na dakatar da kwashewar kai-tsaye, na ce Rakiya ta nuna mini waɗanda suka fi muhimmanci mu fara da su, domin da diski mai ciwo ba a bin jeri, abin da ba za a iya rasawa ba shi ake turawa gaba. Bidiyo muka sa a gaba, hotuna a baya, takardun cinikin albasa a ƙarshe. Wani bidiyon ya cije, diskin ya yi ta ƙas-ƙas a kansa. Ban yi gardama da shi ba, na tsallake shi. Wanda ya tsaya kokawa da fayil ɗaya a irin wannan hali, sauran yake jefarwa.

Zafin ranar nan ba a magana. Babu fanka, zufa tana ɗiga daga gemuna, Rakiya tana can ɗaki tana yi wa tsohuwar ordinata fifita da mafici. Aka yi la'asar muka dawo. Na lura mutane sun fara taruwa a ƙofar zaure, ƴan fada da teloli da wasu dattawa, wayoyi a aljihu. Lokaci-lokaci wani ya leƙo ya ce, "Baba Illa, mun kai ina?" In ce, "Muna tahiya." Ban taɓa yin aiki da unguwa guda tana tsaye a bayana ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinsa.

Rana ta yi ja ta sauka bayan katanga, na'urar batiran ta fara ƙara tana gargaɗi. Bidiyo sun ƙetare, hotuna sun ƙetare. Muna tsakiyar takardun albasa wutar ta ɗauke. Rakiya ta fito daga ɗaki da mafici a hannu ta ce tsohuwar ordinatar ta mutu. Na ce, "Bar ta, ta gama aikinta." Washegari na gwada tayar da diskin a shago ta kowace hanya da na sani, bai sake juyawa ba har yau.

Amma a yammacin nan sabuwar ordinata tana da batirinta. Na leƙa waje na ce kowa ya kunna wayarsa, an gama. Babu wanda ya kai hannu aljihu. Hajiya Zali ta fito daga cikin gida a hankali, ta gyara mayafi, ta zauna a bakin tabarma a zauren da ba ta saba zama ba. Mazan suka ja baya suka ba ta wuri. Rakiya ta buɗe bidiyon da hannunta ya fara faɗawa kai.

Ba na aure ba ne, ba na suna ba. Wata rana ce kawai a tsakar gida, wani cikin jikoki yana riƙe da wayar tana karkacewa. Ga Alhaji Mahaman zaune a kujera da hularsa a gwiwa, yana tsince albasa yana mita. Sai ya ɗaga kai ya dubi wajen madafa, ya ɗaga murya yadda duk unguwar ta san shi da ita.

"Zali! Wai ruwan ga sai an yi shela kahin a kawo?"

Daga bakin tabarmar zaure Hajiya ta ce, "Ga ni nan tahe, Alhaji, yi haƙuri."

Har ta dafa ƙasa za ta tashi.